Layi Huɗu a Bakin Uwar Cokali

Idan ka shiga masana'antar cokula ta ƙofar baya, ka wuce inda ake jibge gutsattsarin ƙarfe, za ka tarar da wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya, da famfo, da teburin ƙarfe da tsakiyarsa ta lotsa don tsufa. A nan Baba Tsaf ya yi shekara talatin da huɗu. Ba ya ƙira, ba ya walda, bai taɓa kunna inji ba. Wanki yake yi, amma na ƙarfe.

To, na san wani zai taɓe baki ya ce wankin ƙarfe ma har aiki ne. Ai sai ya tsaya ya ji. Duk cokalin da ka taɓa kaiwa baki, wani dunƙulen ƙarfe ne ya fitar da shi, mai nauyin da sai ƙarti biyu sun yi nishi kafin su ɗaga. An sassaƙa siffar cokali a fuskarsa, inji ya yi ta danna fallen ƙarfe a kai, cokula na zubowa. Ma'aikata uwa suke ce wa wannan dunƙule, tunda ita ke haihuwa. Uwa kuwa idan ta haifi dubbai sai bakinta ya cinye, cokali ya fara fitowa da kaifi a gefe yana yankar leɓe. Ba a jefar da ita, ta fi ƙarfin haka. Ƙarfe ake ƙara mata a inda ya cinye, a goge, ta koma bakin aiki. Sai dai sabon ƙarfe ba ya yarda ya kama tsoho sai an raba uwar da man injin da ta sha, da tsatsa, da duk dauɗar da ta maƙale a tsaga. Wannan shi ne aikin Baba.

Yana ɗan shekara ashirin da biyar ya zo, da tsintsiya aka fara haɗa shi. Mai wankin da ke wurin ya kwanta jinya, aka ce wa ɗan shara ya riƙe kafin ya warke, riƙon ke nan har yau. Yadda yake yi bai taɓa canzawa ba. Ya dirje uwa da buroshi cikin ruwan wanke maiko mai hawa kai, ya sa ta a tanda da wuta kaɗan har ta yi gumin man da ta ɓoye, ya sake wankewa, ya kankare inda ya cinye, ya bi da farin ƙyalle. Daga ƙarshe sai ya shafa bakinta da yatsu sau ɗaya, ya ja da baya, ya ce, "Tsaf." Inda sunan ya samo asali ke nan, kuma ya bi shi har gida. Matarsa Baban 'yan biyu take ce masa, amma ranar da ya ba ta haushi da gyaran zaman takalma a bakin ƙofa, ita ma Tsaf ɗin take kira.

Mutum ne gajere, marar hayaniya. Abu ɗaya ke tayar masa da jijiyar wuya, a ajiye kofin shayi a kan teburinsa. Amininsa mai walda, wanda ake kira Tartsatsi saboda baki da sana'a duk sun dace da sunan, da gangan yake ajiyewa don ya ji faɗa. "Kai da za a bar ka, da mu ma ka sa mu a tanda mun yi gumi," in ji shi. Baba ya ce, "Kai ai ko an gasa ka kwana bakwai man ba zai ƙare ba." Haka suke tun suna da baƙin gashi.

Ruwan wankin nan yana cin fata. Tafin hannun Baba duk ya tsattsage, yatsun sun yi kaushi. Don haka kullum da safe kafin ya fito da keke, matarsa, wadda tela ce, takan ture ɗinkinta gefe, ta ce, "Kawo hannun nan." Ta lakato man shafawa mai kauri ta cusa masa a kowace tsaga, tana yi tana mita, wai ta auri mutum an mayar mata da kada. Shi kuwa ya miƙa hannu ya yi shiru, domin a duk wunin nan babu lokacin da ya fi masa daɗi. Idan ya isa wurin aiki sai ya wanke da sabulu har sau biyu, ya goge, a ransa hannu ya fita.

Akwai abin da, in ban da likita, mutum biyu kacal suka sani, shi da matarsa. Idonsa na tafiya. Shekara biyu da suka wuce ya lura cewa duk abin da ya ƙura wa ido, tsakiyarsa sai ta yi dishi-dishi, kamar an dangwala yatsa mai maiko a gilashi. Gefe yana gani sarai, shi ya sa yake tuƙa kekensa, yana gane mutane da tafiyarsu, babu wanda ya farga. Likitan ido ya ce ba yana ba ce balle a cire, tabarau ma ba zai yi ba, sai dai a lallaɓa. Baba ya san ƙa'idar masana'anta: wanda ba ya gani ba ya zama kusa da ƙarfe, gida ake sallamarsa. Shi kuwa gida tsoro yake ba shi. 'Yan biyu sun yi aure sun tafi, bai iya zaman ƙofar gida ba, bai iya hira ba, bai san wane ne shi ba idan aka raba shi da ɗan ɗakin nan. Sai ya mayar da aikin ido kan yatsa. Shafar da a da sau ɗaya ce ta zama bin bakin uwa kaɗan-kaɗan, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Kuma wallahi yatsan bai ba shi kunya ba, tsagar da ba ta kai silin gashi ba sai ya ji ta.

Da waldar Tartsatsi babu matsala. Wutarsa babba ce, a hankali take tafiya, ɗan abin da hannu ya bari ƙonewa yake yi ya bi iska. Ana nan sai aka kawo sabon inji.

Wani farin akwati ne mai girman ɗaki, da taga mai duhun gilashi. A ciki wani siririn baki ke fesa garin ƙarfe, haske mai zafi kamar tsinin allura yana narkar da shi a daidai inda ake so, shimfiɗa kan shimfiɗa, har bakin uwa ya cika. Tare da injin aka ɗauko wata matashiya da ta karanci aikin. Injiniya kowa ke ce mata. Ranar farko ta zo har ɗakin wanki ta gaishe da Baba da ladabi, ta ajiye masa kwalin safar hannu.

"Baba, wannan injin ba shi da haƙuri irin na walda," ta ce. "Narkewa da daskarewa duk a ƙiftawar ido ne. Idan akwai maiko ko ɗigo ne, tururi yake zama, kafin ya fita ƙarfe ya rufe a kansa, sai ciki ya zama ramuka. Don Allah bayan wankin ƙarshe kada fata ta taɓa."

"To, 'yar nan," in ji Baba.

To ɗin nan ta baki ce. A ransa cewa ya yi, yarinya ta haddace littafi. Hannun da aka wanke da sabulu sau biyu, wane maiko ya rage a ciki? Kuma in bai taɓa ba, da me zai san ta fita? Sai ya riƙa sa safar yana wanki, idan ya ji sawu ya ɗauke a baranda ya zare ta dama, ya bi bakin uwa da yatsu huɗu, ya mayar.

Uwa ta farko da injin ya gyara ta fito gwanin kyau, har manaja ya kira mutane kallo. Kwana biyu tana aiki, sabon bakin ya ɓantare. Tartsatsi ya yi ta shewa a wurin cin abinci, wai akwatin ƙanƙara aka sayo aka ce masa inji. Injiniya kuwa ta koma kan injin. Ta gasa garin ƙarfen ko ya sha danshi, ta canza tukunyar iskar da ke kare narkin, ta goge madubin hasken, ta rage gudu. Kowa ta tuhuma, har kanta, ban da mutum ɗaya. Wa zai tuhumi Tsaf da dauɗa? Ai ko a mafarki.

Ta biyu ta kwana huɗu, ita ma ta ɓare. Layin cokula ya tsaya rabin wuni, manaja ya fito da kansa. Ba mugu ba ne, amma shi ma akwai na sama da shi. A gaban mutane ya ce saura uwa ɗaya a ajiye, idan ita ma ta lalace, to a rufe akwatin a koma walda, Injiniya kuma ta nemi wani wurin.

Washegari ta shigo ɗakin wanki da kwamfutarta a hannu, muryarta a dushe. Ta yanka ɓantaren ta duba cikinsa da madubin ƙara girma, ta ɗauki hoto. Ta juyo masa da fuskar kwamfutar.

"Baba, kai ka daɗe da ƙarfe, duba min. Ka taɓa ganin irin wannan?"

Baba ya sunkuya ya ƙura ido. Haske kawai yake gani da wani duhu a tsakiya. Ya ce, "Hmm," irin ta manya.

"Abin da ya ɗaure min kai," ta ci gaba, "ramukan ba a warwatse suke ba. Da iska ce ko gari, ko'ina za su bazu. Waɗannan a jere suke, layi huɗu, gefe da gefe, duk sun bi bakin. Na kwana ina tunanin me ke cikin injin nan mai guda huɗu."

Baba ya tuna yatsun da yake bin bakin uwa da su. Ya ji hannunsa na dama ya yi masa nauyi, ya tura shi aljihu. Ya ce mata zai yi tunani, ta yi godiya ta fita.

Da yamma ya koma gida bai ko jingine keken daidai ba. Ya ɗauko farantin ƙarfe na kicin, ya wanke shi da ruwan zafi da sabulu har yana ƙara a hannu. Ya wanke hannunsa sau uku, ya goge, ya ja yatsu huɗu a bayan farantin. Sannan ya kwara ruwa a kai ya ɗaga shi wajen hasken tsakar gida. Tsohon gwaji ne da ya sani tun yana saurayi: ƙarfe mai tsabta ruwa shimfiɗuwa yake yi a kansa, inda maiko yake kuwa sai ya tsage ya gudu.

"Zo ki gani min," ya ce da matarsa. "Me kika gani?"

Ta cire allura daga baki ta leƙa. "Me zan gani? Faranti na gani da ka ɓata min sabulu a kansa. Sai wasu layuka da ruwan ya ƙi zama."

"Nawa?"

"Huɗu mana."

Ya zauna a kan turmi ya gaya mata komai. Ta dafe ƙirji. "Wayyo ni, ashe man nan nawa ne. Ni na jawo maka."

"Ke kika ce in zare safa?" ya ce. "Bar shi. Ko babu manki, hannu hannu ne, gumi yake yi."

"To ka daina taɓawa mana, Baban 'yan biyu. Ka bar safar a hannunka, aikin yarinya ya yi kyau, kai ma ka zauna a ɗakinka. Wa ya sani? Wa zai tambaya?"

Shawarar ta shige shi, don ita yake so ya ji. Babu ƙarya a ciki, babu cutar kowa. Ya kwana da ita.

Da safe aka turo masa uwa ta uku a kan kura. Ya yi mata wankin da bai taɓa yi wa wata ba. Ya dirje, ya gasa, ya sake dirjewa, ya kankare, ya canza farin ƙyalle har uku. Sannan ya tsaya a kanta da safa a hannu biyu. Ya kai yatsa bakinta ta cikin safar, bai ji komai ba sai santsin roba. Ya karkata kai ya duba da gefen ido, ya ga ƙyalli, amma gefen ido ba ya ganin tsaga, ba ya ganin ɗigon mai da ya sake tsattsafowa daga rami. Ta yiwu ta fita. Ta yiwu kuma akwai wani abu kamar ƙwayar gero a kusurwa yana jira. Shekara talatin da huɗu bai taɓa sallamar uwa da ta yiwu ba, ga shi kuma wannan ita ce ta ƙarshe, aikin 'yar mutane a kanta yake. Kunya ta kama shi, irin wadda ke sa mutum gumi a tsaye.

Ya ji ƙarar kura a baranda. Injiniya ce da kanta, ta ce yau ba za ta aiko kowa ba.

"Baba, an gama?"

"Kada ki ɗauka tukuna."

"Ba ta fita ba ne?"

"Ban sani ba," ya ce. "Rufe ƙofar, 'yar nan, ki zauna."

Ya zare safar dama ya ɗaga mata hannun, yatsu huɗu a miƙe, kowanne da tsagarsa. "Abin da kike nema a cikin injinki mai guda huɗu, ga shi. Ba a injin yake ba. Kin ce kada a taɓa, na ce to, na taɓa. Duka biyun ni na kashe su." Ya sauke hannun. "Ba raini ne ya sa ba. Hoton da kika nuna min jiya, ban ga ko ɗigo ba. Fuskarki ma ban taɓa gani ba, muryarki na sani. Shekara biyu ke nan da yatsa nake gani."

Ta ƙura wa yatsun ido. Ransa ya so ta yi faɗa, da ya fi masa sauƙi. Da ta buɗe baki sai ta ce, "Baba, da ka yi shiru ai da ban taɓa ganowa ba."

"Na sani. Jiya da shirun na kwana."

Ta ɗauko fitila da madubinta ta bi bakin uwar a hankali. A kusurwar hagu, cikin wani ɗan rami, ta sami mai ya taru. Ta gaya masa, ya gyaɗa kai kawai. Ta ce ita za ta iya zuwa kullum ta duba masa, babu wanda zai ji. Ya ce a'a, ya gaji da sauraren sawu a baranda. Ya cire rigar aiki ya ninke, ya ce ta raka shi ofis, don kada ya je bakin ƙofa ya juyo.

Manaja ya saurara har ƙarshe yana murza goshi. Ya ce, "Baba, ka ba ni wahala, amma ka fi ni ƙarfin hali." Ɗakin wanki dai ya ce ba zai yiwu ba, kuma Baba bai roƙa ba. Aka ba da aikin ga wata mata daga sashen ɗaure kaya, mai ido kamar na shaho. Injiniya ce ta tsaya kai da fata cewa bayan inji ya gama an goge uwa, ana bukatar wanda zai bi gaɓar tsohon ƙarfe da sabo ya ji ko akwai tudu ko rami, kuma a lokacin taɓawa ba ta ɓata komai. Manaja ya ce a gwada a gani. Aka ajiye wa Baba kujera a ƙarshen layi, kusa da ƙofa. Tartsatsi ya zo ya tsaya a kansa da kofin shayi a hannu, ya rasa abin tsokana, ya miƙa masa kofin ya tafi.

Kwana uku bayan haka aka turo uwa ta uku, sabuwar mai wanki ta wanke, inji ya cika, an goge. Injiniya ta tsayar da kurar a gabansa, mutane suka rage aiki suna leƙe.

Baba ya ɗora yatsu a bakinta ya bi daga kusurwa zuwa kusurwa. Ya dawo. Ya sake bi da ɗan yatsa ɗaya, a hankali, yana riƙe numfashi. Ya san uwar nan, ya wanke ta ya fi sau ashirin, ya san daidai inda ta cinye. Ya nemi inda tsoho ya ƙare sabo ya fara, sama da ƙasa, bai samu ba. Duk waldar da aka yi a kan wankinsa tsawon shekarun nan, bai taɓa rasa gaɓa ba.

"Baba, lafiya?" in ji Injiniya. "Akwai matsala?"

"Babu gaɓa," ya ce. "Ƙarfe ɗaya ne."

Aka ɗauki tafi, wani ya yi fito. Shi kuwa daɗi ya cika shi, ciwo ma ya cika shi, domin wannan ce uwa mafi kyau da ta taɓa fita daga masana'antar, kuma ita ce ta farko da ba hannunsa ya sallama ba. Hawaye ya zubo masa bai share ba.

"Ki gaya wa mai wankin ta iya," ya ce.

"Zan gaya mata, Baba."

Masu ɗaukar uwa zuwa inji sun iso, sun tsaya da sarƙa a hannu suna jira. Baba bai ɗauke hannunsa daga kanta ba, Injiniya kuma ba ta ce ya ɗauke ba.